Daga Garkar Gulbi Zuwa Kurmin Assop, Neman Rizga Da Danginta

Ƙarshen watan Oktoba ne, gero ya riga ya shiga rumbu, masu garka a Jiratawa da bakin Gulbi sun fara gyaran fangali. A lokacin na bar Maraɗi zuwa Jos da niyyar abu biyu: in samo irin rizga da tumuku, tsirrai masu saiwa da ake ci, daga hannun masu nomansu, in kuma ga inda danginsu na daji suke fitowa a cikin kurmi, don in san ko garkarmu za ta riƙe su ko kuwa wahalar banza ce. Kayana ba su da yawa: almakashin yankan reshe, sabuwar reza, buhun algarara guda biyu, tsofaffin jaridu, kwali mai kauri da na huda wa ramuka a gefe, sai kwalbar fesa ruwa. Katin shaida da katin allurar shawara suna aljihun gaba. Wanda ya cusa su a ƙasan jaka shi ne yake tsayar da mota gaba ɗaya a iyaka.

Ba mu yi awa guda ba muka kai Ɗan Isa. Kafin in tsallaka na nemi jami'in da ke duba lafiyar tsirrai, na ce, "Shef, in na dawo da iri fa, me ake bukata?" Ya ce kada in zo da ƙasa a jikinsa, kuma in fito da shi fili a duba, kada in ɓoye cikin kaya. Maganarsa tana kan hanya, domin yawancin cututtukan saiwa a cikin ƙasa suke tafiya daga gari zuwa gari. A Magama, bakin iyakar Jibiya, na canza kuɗi, a lokacin jika guda ta sefa tana ba da fiye da naira dubu biyu. A nan Jibiya ne aka datse ruwan da yake gangarowa ya zama Gulbin Maraɗi, saboda haka duk mai garka da ya biyo hanyar sai ya ɗan leƙa wajen da ido biyu.

Tsakanin Jibiya da Katsina tafiyar gajera ce, shingaye ne suke tsawaita ta. Direba ya riga ya nannaɗe ƙananan takardun kuɗi tsakanin yatsunsa tun daga tasha, yana rage gudu yana miƙawa, ba ko gaisuwa. A shinge ɗaya kawai aka sa na sauko da kwalina. Mutumin ya ga almakashi da reza da jaridu, ya dube ni ya ce, "Malam, wanzanci za ka je yi?" Na ce itace zan yi wa aski. Ya yi dariya ya mayar mini. Daga Katsina zuwa Kano babu abin faɗi, sai aikin layin dogon da aka ce zai haɗa Kano da Maraɗi, wanda muka riƙa hangowa nan da can. Na sauka Ƙofar Ruwa, adaidaita sahu ya kai ni wajen Unguwa Uku, na kwana a wani ƙaramin masauki kusa da tasha don in kama motar farko.

Kuɗin motar Jos naira dubu goma sha biyu na biya. Direbobi suna son su ratsa dajin Falgore da rana tsaka, shi ya sa ba sa wasa da sammako. Ga mai lura da itatuwa, wannan hanya makaranta ce. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada gawo da aduwa da sabara suna raguwa, ɗorawa da kaɗanya suna ƙaruwa. Da aka shiga Falgore sai doka da maje, ciyawa ta fi mutum tsawo, har yanzu da sauran kore a jikinta alhali tamu ta daɗe da zama harawa. A bakin wani rafi na ga ɗinya manya-manya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, masana tsirrai yanzu sun sa ɗinya cikin dangi ɗaya da na'a-na'a da ɗaɗɗoya da rizga da tumuku, dangin da suke kira Lamiaceae. Ka dubi katon itace ka dubi ganyen da ake jefawa a shayi, ka ce me ya haɗa su, amma binciken masana ne ya tona asirin zumuncin.

Bayan Saminaka da Jengre mota ta fara hawa, iska ta sauya. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Maraɗi kuwa ba ta kai 400 ba. Ruwan da yake zuba musu a shekara ya ninka namu fiye da sau biyu, kuma yana farawa tun Afrilu ya kai Oktoba. Mun shiga ta Mista Ali da la'asar. Kafin isha'i na sayi rigar sanyi ta gwanjo a bakin titi, domin sanyin da muke jira sai Disamba shi ne ya tarbe ni a ƙarshen Oktoba. Ɗakin da na kama naira dubu goma sha biyar ne a kwana, da fanka a sama wadda ban taɓa ba, da bokitin ruwan zafi da sai an roƙa.

Washegari na shiga kasuwar Farin Gada. Dankalin Turawa, kabeji, karas, koren wake, ga su nan buhu-buhu ana loda wa manyan motoci. Wanda ya je neman rizga wajen dillalan nan ya ɓata safiyarsa. Abin mata ne, a gefen kasuwa, kashi-kashi a kan buhu ko cikin ƙaramin kwano. Na same ta wajen wata dattijuwa da ta kasa ta kusa da acca da gauta. Rizga doguwa ce kamar yatsun hannu, wata ta kai taki, wata da rassa, fatarta siririya mai ɗan gashi, cikinta fari. Tumuku kuwa ƙanana ne, dunƙulallu, daga girman gurjiya zuwa ƙwan zabo, baƙi-baƙi ko ja-ja. Na ce, "Mama, nawa kashi?" Ta ce ɗari biyar. Bakina ya riga ni, na ce dala ɗari ke nan. Ta zaro ido ta ce ita ba ta karɓar kuɗin Amurka. Sai da na yi mata bayanin cewa a wajenmu dala tamma biyar ce, muka yi ta dariya, ta ƙara mini gyara.

Ta murje guda da babban yatsa, fatar ta saluɓe, ta ba ni ɗanya. Tana da garas-garas, da ɗan zaƙi kaɗan, da wani ƙamshi a bayan harshe wanda yake tuna maka da ganyen ɗaɗɗoya. Tumuku dafa shi ya fi, da gishiri da yaji da ɗan mai. Ɓare shi ne aikin, saboda ƙanƙantarsa, shi ya sa ake zuba shi a buhu da ɗan ruwa a murza a kan dutse har fatar ta fita. Da na ce iri nake so ba na ci ba, ta kwashe wanda na zaɓa ta mayar. Ta ce, "Wannan an wanke shi, ba zai kai damina ba. Ka je gona." Ita ta haɗa ni da wani ɗan'uwanta manomi a wajen Riyom.

Hanyar ta bi ta Bukur, ta wuce kusa da Kuru inda cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa take da reshenta na dankalin Turawa, sannan ta fita fili mai duwatsu. Duwatsun Riyom da suka hau kan juna kamar an jera da hannu ana ganinsu daga titi. Shingayen jami'an tsaro sun fi yawa a wannan yanki, ana tambayar inda za ka da wanda za ka wurinsa, saboda haka baƙo ya tafi da ɗan gari, kuma ya dawo kafin rana ta faɗi.

Gonar dattijon tana kan gangare, an kewaye ta da shingen ƙerana. Rizgar tana kan kunyoyi masu tsayi, tsakanin kunya da kunya kusan mita guda. Tsiron ya kai mini ƙugu, wani ya fi haka, karansa mai gashi, gindinsa ya fara zama itace. Ganyen ya soma rawaya yana zuba. Ita rizga, wadda aka rubuta da sunan Plectranthus esculentus tun 1894, sai ganye ya kaɗe take fitar da furenta ruwan ɗorawa a jikin kara tsirara, abin da ya bambanta ta da tumuku mai fure shuɗi-shuɗi kuma mai rarrafe a ƙasa. A 2019 masana suka mayar da su biyun ƙarƙashin sunan Coleus, don haka mai bincike a intanet zai ci karo da sunaye biyu na abu ɗaya.

Na ce, "Baba, mene ne sirrinta?" Ya ce babu sirri sai ƙasa. Ana shuka gutsuren saiwa mai ido da farkon damina, zurfin yatsa guda, tsakani kamar kamu ɗaya. Idan tsiro ya yi tsayi ana kwantar da rassan ƙasa a rufe su da ƙasa, a bar kan a waje, domin duk gaɓar da aka binne tana iya fitar da nata ƴaƴan. Wanda bai yi wannan huɗar ba zai ga gona kore shar, ya tona ya tarar da ɗan abin da bai cika tafi ba. Wata shida zuwa bakwai take yi. Abu biyu ne suke kashe ta: ruwa ya kwanta a gindinta, saiwar ta ruɓe, ko a cika mata takin zamani mai sa ganye, ta tafi sama ta manta da ƙasa. Toka da ruɓaɓɓen takin shanu yake sa mata. Ya tona gindi ɗaya da hannu a hankali, saiwoyin suka fito cunkus kamar yatsun da aka haɗa wuri ɗaya, kuma suna karyewa da wuri, shi ya sa ba a sa mata fartanya kusa. Irin baɗi ba ya kai shi ɗaki, yana barinsa a rami ƙarƙashin inuwa, a rufe da busasshiyar ƙasa da ciyawa. Na sayi mudu guda na rizga da mudu biyu na tumuku waɗanda ruwa bai taɓa ba, na karkaɗe ƙasar da tsumma. Mudunsu bai kai tiyarmu ba. Matarsa ta kawo gwaten acca mai ganye da gauta, mai ɗan tsami, da zafinsa, abincin da ya dace da iskar wurin.

Rana ta uku ita ce ta kurmi. Daga Riyom titi yana gangarowa ta Hawan Kibo, inda manyan motoci suke saukowa suna warin birki, ya kai ka mafaɗar ruwa ta Assop, kimanin kilomita 60 daga Jos. Ana biyan ɗan kuɗin shiga, wani saurayi ya raka ni. A saman duwatsu rana tana dukan kai kamar ko'ina. Taku kaɗan cikin kwarin, sai ka ji kamar ka buɗe randa ka sa fuska. Itatuwa sun haɗe a sama, hasken da yake isowa ƙasa ɗigo-ɗigo ne yana yawo. Dutse da gindin itace duk gansakuka. Ba a ganin ƙasa, ganye ne ya rufe ta. Na tura hannu ciki: na sama busasshe, na tsakiya baƙi mai laushi da fararen zare-zare, na ƙasa ya riga ya zama gari mai warin damina. Na dunƙule shi na matse, ya haɗu amma ko ɗigo bai fito ba, na saki ya wargaje. Wannan shi ne abin da mai garka ya kamata ya riƙe. Danshi ne da iska a cikinsa, ba caɓi ba. Mu a Gulbi in muka ji an ce tsiro yana son ruwa sai mu sakar masa tiyo har fangali ya cika, laka ta toshe saiwa, rana ta fito ta gasa ta.

Gane ɗan dangin rizga ba wuya. Ka murza kara tsakanin yatsu, za ka ji kusurwa huɗu maimakon zagaye. Ganye yana fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, na sama ya gitta na ƙasa. Ka murje ganyen ka sansana, akwai wari ko ƙamshi, domin man yana cikin ƴan ƙwayoyi a fatar ganye. Furen kuma kamar baki ne a buɗe, leɓen sama da na ƙasa, kuma idan ya bushe ƙwaya huɗu ƙanana suke zama a gindinsa.

Can ciki, inda inuwa ta fi duhu kusa da feshin ruwa, na tarar da wani mai taushin kara, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, da dogon zangarniya ɗaya mai ƙananan furanni shuɗi zuwa shunayya. Coleus monostachyus ke nan, ɗan'uwan tumuku na kusa, sai dai ba a nomansa don saiwa. Ganyensa siriri ne ƙwarai. Na tsinki ɗaya na riƙe a rana don gwaji, kafin mu gama magana ya yi laushi kamar an tsoma a ruwan zafi. Tsiron da ya saba da iska mai laima ba shi da kaurin fatar da zai riƙe ruwansa.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina yana bakin kurmin ne, inda rana take shiga da safe ta fita kafin azahar. Ƙaramin itace ne mai rassa da yawa, tsayinsa wajen ƙirjina, ganyensa dogaye masu ɗan zarto a baki, wani wuri biyu-biyu wani wuri uku a gaɓa ɗaya. Furanninsa ƙanana ne, fari-fari da ɗan kore, ba mai waiwayarsu. Ƴaƴan ne suke kiran ido, ruwan lemo, girman ƙwayar barkono, da layi-layi a jiki. Wannan shi ne Hoslundia opposita, kuma shi kaɗai ne a jinsinsa. Abin da ake gani kamar ɗa, a gaskiya kwanon da yake riƙe fure ne ya kumbura ya yi nama ya lulluɓe ƙwayoyin, abin da ba kasafai ake gani a danginsa ba. Saurayin ya tsinka ya jefa a baki, ya ce, "Baba, ci, tun muna yara muke ci." Da ɗan zaƙi. Ganyen kuwa warinsa ba daɗi. Tsuntsaye ne suke yaɗa shi, shi ya sa ake yawan samunsa ƙarƙashin rassan da suke sauka. Tun a wurin na yanke hukunci cewa wannan ya fi na cikin duhun damar rayuwa a Maraɗi, domin karansa itace ne kuma ya saba da rabin rana.

Da izinin masu kula da wurin na yanki rassa ashirin, goma-goma. Reshen da ake so shi ne wanda ba fure a kansa, bai tsufa ba kuma bai yi ɗanye sharaf ba, tsawon santimita 10 zuwa 15, da gaɓa uku. Ana yanka dab da ƙasan gaɓa da reza mai tsabta, domin daga nan saiwa take fitowa, almakashi maras kaifi kuwa yana murƙushe karan ya ruɓe. A cire ganyen ƙasa duka, a bar biyu a sama, su ma a rage rabinsu. A nannaɗe biyar-biyar a jarida mai danshi, a sa cikin jiƙaƙƙen algarara da aka matse, a sa a kwali mai ramuka. Leda ɗaurarriya a cikin mota tukunya ce.

A dawowa na yi kuskure ɗaya. Daga Jos zuwa Kano kwalin yana kan cinyata, ina fesa masa ruwa duk inda aka tsaya. A Kano yaran mota suka ce ba wuri, suka cusa ƙunshi ɗaya a but, a saman inda salansa take. Kafin Katsina ya dahu, ganyen ya yi baƙi ya manne da jarida. Da na sani da na biya kuɗin kujera biyu. A Ɗan Isa na buɗe komai a gaban jami'in, ya juya saiwoyin ya ga babu ƙasa babu ƙwaro, ya ce Allah ya sa albarka.

Na isa gida kwana biyu bayan yankan, na dasa a daren. Kashi biyu na yashin Gulbi da aka wanke, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen ganye daga ƙarƙashin mangwaro, a cikin tukwanen ƙasa masu huda a gindi. Na ajiye su gabas da katanga ƙarƙashin rumfar zana, na kewaye da algarara ina jiƙa shi safe da yamma, domin iskar da ta ratsa jiƙaƙƙen buhu ita ce mafi kusa da ta kurmi da za mu iya samu. Masu taushin karan sun riga fitar da saiwa, cikin kwana goma sha biyu, amma da hunturu ya buɗe sosai bakin ganyensu ya fara ƙonewa, jan gizo-gizon nan da yake addabar tumatir ya same su. Na bakin kurmin sun yi jinkiri, sai da suka haura mako uku, amma huɗu sun kama, sun yi sabon toho.

Lissafin saiwoyin daban ne. Tumuku yana bukatar wata biyar zuwa shida, daminarmu kuwa in ta yi kirki wata uku da rabi ce. Mafita ita ce a tsirar da shi a ƙaramin fangali kusa da rijiya tun watan Mayu, idan ruwa ya zauna a yanki rassansa a dasa a kan kunya, tsakani kamar taki guda, sannan a taimaka masa da ban ruwa a Oktoba lokacin da yake cika. Kada a sa shi inda aka yi tumatir ko kuɓewa shekara da shekaru, domin tsutsar nan da ba a gani, mai sa saiwa ƙulu-ƙulu, tana son sa ƙwarai, kuma ƙasa mai yashi irin tamu gidanta ce. Rizga ban sa mata rai sosai ba, tsawon lokacinta da sanyin da ta saba da shi sun fi ƙarfin abin da muke da shi, kunya biyu kawai zan ba ta a inuwar zogale.

Kafin nan sai irin ya tsallake zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40. Na jera su a tsohuwar randa, shimfiɗar busasshen yashi, shimfiɗar saiwa, ba mai taɓa wata, na rufe da faifai a ɗakin ƙasa mafi sanyi. Duk mako biyu ina tonawa in fitar da wadda ta yi laushi. A dubawar jiya na zubar da rizga bakwai, tumuku kuwa biyu ne kacal, kuma wasu har sun fara nuna fararen idanu.